Neman kalma: me za mu kira fuwel fam a rediyo kafin Alhamis?

'Yar Fadaman Mada: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi. Ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirinmu na masu ababen hawa, kuma maganar wannan mako a kan abin nan ne da kanikawa ke kira fuwel fam, yadda ake gane ya mutu da yadda ake sauya shi a tsohuwar mota. Injiniyan da muka gayyata ya turo bayaninsa da Turanci, ni aka ɗora wa fassara. Na rubuta "famfon mai", shugaban sashenmu ya ja masa layi da jan biro, wai mai sauraro zai ɗauka na gidan mai ake nufi. Kalmar kusan kowane layi sai ta fito, ba damar kewaye ta.

Ogan Yalwa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Shugaban naku ya yi gaskiya, amma ba ta nan matsalar take ba. In kika shigo garejina kika ce famfon mai, yarona oyil fam zai ɗauko miki, wanda ke zagaya da baƙin mai cikin inji. Mai ba ɗaya ba ne a mota. Ki ce famfon fetur, magana ta ƙare.

Malam Nahawu: Magana ba ta ƙare ba, Oga, yanzu ma ta fara. Famfo Turanci, fetur Turanci. Mun ɗauko aro biyu mun ɗaure su da harafi ɗaya mun ce mun yi Hausa. Alhali harshen yana da injin ƙera sunan kayan aiki tun kafin mota ta zo ƙasar nan: buɗe ya ba mu mabuɗi, rufe ya ba mu marufi, auna ma'auni, duba madubi. Mene ne aikin abin? Zuƙo mai daga tanki. To mazuƙi ke nan. Mazuƙin mai, jam'i mazuƙai. Na jima ina koya wa ɗalibaina shi, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarsa sau biyu.

Baba Mai 504: Malam ya burge ni. Ni motata ƙirar Kaduna ce, daga kamfanin nan da ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma famfonta zuƙa yake yi da gaske. A jikin inji yake, ba ruwansa da wuta. Kamshaf, wata sanda mai juyawa a cikin inji, shi ke taɓa shi, wata 'yar roba a cikinsa tana sama tana ƙasa kamar zugazugin maƙeri, ta jawo mai ta miƙa wa kafireta mai haɗa shi da iska. Ranar da robar nan ta yage, fetur sai ya riƙa zirarewa cikin baƙin mai. Ka zaro sandar awo ka ga mai ya ƙaru ba ka ƙara ba, ka sansana ka ji fetur, to kada ka ƙara tafiya ko'ina. Sannan lokacin bazara, in zafi ya yi zafi, man kan zama tururi a cikin tiyo, mota ta shaƙe. Sau nawa na tsaya a hanyar Jos, wajen Nabordo, na jiƙa tsumma na ɗora masa, na zauna gindin bishiya har ya huce! Yaran yanzu ba su san wannan ba.

Ogan Yalwa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma a nan ne kalmar Malam za ta karye. Motoci nawa suka rage a Bauchi masu kafireta? Golf 3, Sharon, Carina E, Corolla, Honda, duk injekta ne, mai fesa fetur cikin inji, famfonsu na lantarki ne, kuma a cikin tanki yake zaune, nutse cikin fetur. Me ya sa aka sa shi a can? Saboda shi ba gwanin zuƙa ba ne, gwanin turawa ne. Da "bar" ake auna ƙarfin turawa, na Baba ko rabin bar bai kai ba. Na yawancin motocin injekta wajen bar 3 yake bayarwa. In Hajiya ta ce mazuƙi a rediyo ta koya wa mutane aikin abin a juye.

Malam Nahawu: To sai mu ce maturi. Tsarin dai ɗaya ne.

Ɗan Jekadafari: Hahaha! Allah gafarta Malam, mu a Gombe maturin mota shi ne yaron da kake ba ɗari biyu bayan fuwel fam ɗin ya mutu. Mazuƙin mai kuwa mun san shi, shi ne mai zura tiyo a tankin mutane da tsakar dare. Hajiya, in kika ce "a sauya mazuƙi" masu sauraro za su zaci shirin hukumar yaƙi da shaye-shaye suka kamo.

Malam Nahawu: Dariyar taka ta rubutu ce, ɗan'uwa. A baki ba sa haɗuwa. Sunan mai aikatawa muryarsa takan sauka a tsakiya ta sake hawa, kamar maɗinki da manomi. Sunan kayan aiki kuwa a sama yake tafiya daga farko har ƙarshe, kamar mabuɗi. Boko ne ba ya nuna karin sauti, amma rediyo ai da baki ake yinsa. In akwai wurin da kalmar nan za ta rayu, to a can ne.

'Yar Fadaman Mada: Wannan kam gaskiya ne Malam, na faɗe su a baki na ji bambancin. Sai dai mai gabatar da shirin a takarda zai fara ganinta, kuma na san shi, da dariya zai fara.

Direban Sharon: Ni dai ban yi karatun nan naku ba. Watan jiya motan ya mutu mini bayan Alkaleri, fasinja cike, muna hanyan Gombe. Na aika yaro a kan mashin ya sayo. Da na ce masa mazuƙi da har yau muna bakin titi.

Malam Nahawu: Motar ta mutu, ba motan ya mutu ba. Hanyar Gombe, ba hanyan ba. Kun ga irin abin da nake faɗa. Wanda bai tsare jinsin mota ba yaya zai tsare sunan kayan cikinta?

Direban Sharon: Malam, a Bauchi aka haife ni, haka uwata ta yi magana, haka kakata. Ba a Kano aka yanke mini cibi ba.

Uwar Ɗalibai: Malam, a nan ka zame, kuma ka fi kowa sani. Barin bambanta namiji da mace a irin waɗannan wurare ba kuskuren direba ba ne, siffa ce ta Hausar gabas, ana jin ta a Bausanci da Guddiranci, mu da kanmu muke koyar da hakan a darasin karin harshe. An gina daidaitacciyar Hausa bisa Kananci don a samu abin rubutu guda, ba don an auna an ga sauran gurɓatattu ne ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne kullum in za a ƙirƙiri kalma sai a jira a ji me aka ce a Kano, ko me gidajen rediyon ƙetare suka ce, kamar mu nan ba mu da baki. Garin Bauchi da aka harhaɗa manyan motoci da taraktoci a kamfanin Steyr ai yana da ta cewa a maganar inji.

Ɗan Jekadafari: Ku dai ku gama da Kanawa tukuna. In kun gaji ku zo Gombe mu ba ku ta Fulatanci, a huta.

Malam Nahawu: Na karɓi gyara a kan direba, ya yi haƙuri. Amma a kan aro ban janye ba. Harshen da ya daina haifar kalmomi ya koma roƙo. Waɗanda suka ce jirgin sama da jirgin ƙasa ai sun ga sunayen Turancin, suka ƙi. In mazuƙi bai yi muku ba, ku ce na'urar tura mai, ko banza babu Turanci a ciki.

Uwar Ɗalibai: Na'ura kuma daga ina? Larabci ce, kuma asalinta sunan wani babban gargare ne da ruwan kogi ke juyawa yana ɗebo ruwa zuwa gonaki, irin waɗanda har yau suke birnin Hama na Siriya. Ka ga ka gudu daga famfon Bature ka faɗa famfon Balarabe. Ni abin da nake dubawa shi ne ko kalma ta zauna. Dubi bakanike. Mun karɓo ta, muka sa mata ba- a gaba kamar Bakano, muka yi mata jam'i kanikawa kamar Kanawa, muka fitar da kanikanci. Famfo ma haka, har famfuna muke cewa, ga na tuƙa-tuƙa a kowace unguwa. Wa zai ce wa tsohuwar da ke layin ɗiban ruwa Turanci take yi?

'Yar Fadaman Mada: Don Allah iyayena, gobe Laraba. Ga abin da na rubuta, na bar gurbin kalmar da "abin". Oga ka duba mini ko ma'anar ta tsaya: "In mota tana juyawa amma ta ƙi tashi, ko tana shaƙewa a hawa, ko tana mutuwa in ta yi zafi, mai yiwuwa abin ya lalace, sai a sauya shi."

Ogan Yalwa: Alamomin daidai ne, ƙarshen ne zai jawo wa mutane asara. Kada ki ce sai a sauya, ki ce sai a bincika. Da yawa daga cikin waɗanda ake cirewa lafiyarsu ƙalau. Ga yadda nake yi. Na murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ban tayar ba, na kasa kunne wajen tanki. A yawancin motoci lafiyayye zai yi ɗan gurnani kamar na daƙiƙa biyu ya yi shiru. In ban ji komai ba, ba famfo nake fara zargi ba, fis nake dubawa, sannan rile, ɗan makunnin da ke sakar masa wuta, sannan in gwada ko wuta na isa soket ɗin da ke kan tanki. In wuta na zuwa shi kuma shiru, sai in sa yaro ya bubbuga ƙasan tanki ina murɗawa. In ta tashi a haka, to ya gaji, zai iya kai ka gida amma kada ka sake yarda da shi. In kuma yana gurnani mota ba ta tashi, sai a duba ko fulogi na ba da wuta, a duba filta ko ta toshe, a ɗaura ma'auni a ga ƙarfin da yake bayarwa. Ma'aunin nan shi ne alƙali, sauran duk shaidu ne.

Wajen sauyawa, a zare fis ɗinsa a juya inji don ƙarfin da ke cikin tiyo ya sauka, in ba haka ba fetur zai feso wa mutum a ido. Sannan a cire kan batir na nagetif. Wasu motocin ƙofarsa na ƙarƙashin kujerar baya, ta Golf 3 tana cikin but, wasu kuwa sai an sauke tanki. Ba taba, ba ashana, ba mai walda a kusa. A sa sabuwar robar baki, a sauya 'yar ragar da ke gindinsa, a wanke tankin in da laka. Kuma a sayi daidai da motar: Golf mai injekta guda wajen bar 1 take so, ba irin na masu injekta huɗu ba.

Abu ɗaya nake roƙo ki faɗa ko da za a yanke sauran. Fetur ɗin da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane sun koma shan lita uku, lita biyar, kullum jar fitila a kunne, ga na bumburutu da ba ka san ruwa da ƙasar da ke cikin galan ba. Wannan ne ke ƙona famfon.

Direban Sharon: Oga kamar kana wurin. Nawa ashe rile ne. Na sayi sabon famfo a banza, yana nan cikin but.

Malam Nahawu: Na ji "filta" ta wuce ba wanda ya tanka. Wannan kam ba ƙirƙirata ba ce. Mataci yana nan tun kakanninmu na tace koko.

Ogan Yalwa: Wannan na ba ka, Malam. Matacin fetur, ko yarona zai gane. 'Yar ragar gindin ma wasunmu rariya suke ce mata.

'Yar Fadaman Mada: Alhamdu lillahi. Ga abin da zan kai wa shugaba. A farkon shiri: "famfon fetur na mota, wanda kanikawa ke kira fuwel fam", sau ɗaya, don wanda zai je kasuwa ya san abin da zai tambaya. Daga nan famfon fetur kawai. Inda injiniya ya raba su biyu zan ce famfo mai zuƙa na motocin kafireta, da famfo mai turawa na cikin tanki. Filta ta zama mataci. Malam, zuƙarka ta shiga, ma- ɗin ce kawai ta tsaya a ƙofa.

Malam Nahawu: An yanka ragon an ba ni ƙafa. Ba komai. A ajina mazuƙi yana nan, kuma ranar Alhamis zan kunna rediyo in ji yadda za a furta mataci, don in aka sauke muryar a tsakiya wani abu daban aka faɗa.

Baba Mai 504: 'Yata, a sa maganar jiƙaƙƙen tsumman nan ko a ƙarshe ne. Akwai sauranmu a hanya.

'Yar Fadaman Mada: Zan sa, Baba, in minti ya rage. Saura rile. Wa ke da ita?

Ɗan Jekadafari: Malam na nan yana rubutu, na ga alamar. Hajiya, ki kashe wayarki ki je ki kwanta.