Taƙaitawa kan kaffarar rantsuwa

Abin da aka yi ittifaƙi a kai:

1. Kaffara tana kan wanda ya rantse da Allah zai yi abu ko zai bari, sannan ya karya.
2. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta ba da zaɓi: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. Azumin kwana 3 sai ga wanda ya kasa. Nan ake yawan kuskure, mutum yana da halin ciyarwa ya wuce kai tsaye ga azumi, kuma bai isar masa ba.
3. Wanda ya haɗa "in Allah ya so" da rantsuwarsa nan take, babu kaffara a kansa.

Inda aka rabu:

"Wallahi" da ke suɓuce wa baki cikin hira: ba ta da kaffara wajen Shafi'iyya da Hanbaliyya.

Gwargwadon ciyarwa: Malikiyya da Shafi'iyya mudun Annabi ɗaya ga kowane miskini, Hanafiyya rabin sa'i na alkama. Hanafiyya sun yarda a ba da kuɗi, sauran ba su yarda ba.

Jera azumin: wajibi ne wajen Hanafiyya da Hanbaliyya, mustahabbi wajen Malikiyya.

Rantsuwa kan ƙarya da gangan, mafi yawa sun ce tuba ce kawai, Shafi'iyya suka ƙara da kaffara.