Rajista ke karatu ko yaran?

Ɗan Gusau: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Ɗan ƙanwata yana aji biyar, na miƙa masa takardar magani ya kasa haɗa baƙi biyu. Amma duk shekara ana ƙidayar makarantu, a cike fom: yara nawa, ajujuwa nawa, bencina nawa, masai nawa. Ba mai miƙa wa yaro littafi ya ce karanta mu ji. Rahoto ya tafi Abuja, a ce an samu ci gaba. Jahilai muke yayewa.

Alaramma: Ɗan'uwa, janye kalmar nan. Yaron da ya san alwala, yake wanke allonsa ya rubuta wani, shi ne jahili?

Ɗan Gusau: Allah gafarta Malam, boko nake nufi.

Alaramma: Haka su ma suke cewa. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa makaranta a Najeriya, UNESCO ta zo a 2022 ta ce wajen miliyan 20. Almajiraina suna cikin lissafin, alhali asuba ba ta riske su kwance.

Malamar firamare: Wato mu ke ƙera jahilan ke nan? Zo ka tsaya gaban aji cike har bakin taga, allin ma da kuɗina nake saye.

Tsohon sufeto: Ku saurara, yaron nan yana da magana. Shirin BESDA na Bankin Duniya na shigar da yara makaranta, dala miliyan 611 a 2017, biyansa bisa sakamako ne, ciki har da yawan yaran da aka shigar makaranta. In suna a rajista na jawo kuɗi, ai dole a sa ido a kan rajistar.

Na Tsafe: Baba, bar su. Gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023, ya biya bashin jarrabawar WAEC da NECO. Wa ya tara bashin? Su ne jahilan.

Na Maradun: Kai, iya bakinka! Fenti aka shafa, kuna ta ɗaukar hoto.

Na Tsafe: Mai cin bashin kuɗin zaure wata da watanni ba ya da bakin zancen bashi.

Na Maradun: Sai ka kai ni kotu.

Malamar firamare: Har yanzu ba a ba malamai haƙuri ba fa.

Ɗan Gusau: Yaya, wai ni wa zai amsa tambayata? Wa ke auna karatun?

Shugaban zaure: To, na rufe. Abin da na fahimta, kowa ya amince an yi wa almajirai da malamai rashin ladabi, kuma ba wanda ya iya musa cewa gwamnati mai ci tana aiki. Ɗan Gusau ya janye kalmarsa kafin Magariba. Na Maradun, ka neme ni kan kuɗin zaure.