Masu karatun Turanci, ya kuke yi da manhajar fassara?

Ƴar Marwa:
Salamu alaikum jama'a. Ina shekara ta uku a jami'ar Marwa a Kamaru, ɓangaren Faransanci da Turanci. Wallahi abin ya fara damuna, duk aikin Turancin da aka ba mu sai in rubuta shi da Faransanci in zuba wa manhajar fassara ta DeepL ta mayar min Turanci, in ɗan gyaggyara in miƙa. Maki kam ana samu, amma ranar jarrabawa da ba waya sai in zauna ina kallon takarda kamar ban taɓa shiga aji ba. In daina gaba ɗaya ne ko yaya?

Malam na Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki daina, juya abin za ki yi. Fara rubutawa da kanki da Turanci kai tsaye, ko da kame-kame ne, sai ki ba na'urar ta mayar miki Faransanci ki karanta. Duk inda ma'ana ta karkace to nan kika yi tuntuɓe. Ni da haka na kama kaina ina sa actually a wurin actuellement ta Faransanci shekara da shekaru, alhali actually ma'anarsa "a gaskiya", ba "a yanzu" ba, haka ma assist (taimakawa) da assister à ta Faransanci (halarta), mu da muka taso da Faransanci nan ne ramin da muke faɗawa kullum, kuma malami ba shi da lokacin bin ɗalibai jimla jimla. Ki ajiye ɗan littafi ki riƙa rubuta waɗannan, su za ki bita kafin jarrabawa.

Abba Njamena:
Ni Reverso na fi buɗewa, don yana nuna kalma a cikin jimloli da yawa ka ga yadda ake amfani da ita. Amma fa Hausa ku yi hattara. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, na sani, sai dai karin magana sai a hankali. Na taɓa ba wata manhaja "ya sha da ƙyar", ta kawo min maganar mutum mai wahalar shan ruwa 😂

Ƴar Marwa:
Hhh Abba ka kashe ni. Malam na gode, Allah ya ƙara basira. To in na juya ta dawo daidai, ke nan Turancin nawa ya yi?

Malam na Garwa:
A'a fa! Tana iya gane nufinki ko da jimlar gurguwa ce, ta gyara ta shiru ba ki sani ba. Ma'ana kawai take duba miki, nahawu kuwa sai littafi da malaminki.