Gizo ko haddar malamin lesin? 'Yata za ta rubuta labari da Turanci

Maman Zahra: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. 'Yata shekararta 13. Malaminsu na Turanci ya ce kowa zai rubuta labari mai kalma 300 zuwa 350 a kan wani mai wayo da ya kuɓutar da kansa da dabara. A cikin aji za su rubuta, nan da kwana goma, kuma makin zai shiga sakamakon zango. A littafinsu akwai Birbal na Indiya da Nasiruddin na Turkiyya, amma malamin ya ce duk wanda yaro ya sani ya kawo. Ita ta kafe sai Gizo, wanda ya ci bashin giwa da dorina, ya ba kowannensu bakin igiya, suka wuni suna ja kowa na zaton da Gizo yake yi. In da Hausa take ba ka labarin sai ka riƙe ciki. Da ta rubuta da Turanci na ƙirga "then" guda 17 a shafi ɗaya, ga shi ta fara da abin da ya wuce, ta dawo yanzu, ta sake komawa. Wani malamin lesin ya ce yana da labari rubutacce tsaf, ta haddace kawai ta juye ranar. Babanta ya ce a kai ta. Ni hankalina bai kwanta ba. In bar ta da Gizonta da kurakuranta, ko in kai ta hadda?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ki saya mata ƙamus mai kyau, ki rage mata kallo, ki sa ta karanta littafi ɗaya kowane wata. Shekara guda za ki ga canji insha Allah.

Maman Zahra: Na gode Baban Khalifa, amma kwana goma na ce.

Anti Bilki: Yanzu ai waya na rubuta labari. Ki sa ta rubuta mata, ta kwafe da hannunta a gida ta kai. Magana ta ƙare.

Hajiya Uwani: Maman Zahra, don girman Allah kar ki kai yarinyar nan hadda. Ni aka yi wa, ba ji na yi ba. Ɗana yana shekara 14 aka ba su irin wannan aikin. Na kai shi wurin malamin lesin, ya ba shi labarin Nasiruddin da tukunya: ya ari tukunyar maƙwabcinsa, ya mayar da ita da wata ƙarama a ciki ya ce ta haihu, maƙwabci ya karɓe da murna. Ya sake ara, wannan karon bai mayar ba, ya ce ta mutu, ai abin da ke haihuwa yana mutuwa. Labari mai daɗi. Sati uku yaron nan yana bitarsa, har a banɗaki ina jiyo shi. Ya rame a kansa. Ranar ya rubuta bai tsallake ko waƙafi ba. Ashe yara shida a ajin wurin mutumin nan suke zuwa, kuma takarda ɗaya ya raba musu. Hatta kuskuren harafin da ya yi a kalmar "neighbour" su shidan sun kwafe shi. Malamar ta tsayar da su gaban allo, ta sa suka karanta layin farko tare, 'yan aji na dariya. Sifili ta ba su duka. Bai gaya mini ba. Ina gyaran gadonsa na tsinci takardar a ƙarƙashin katifa, ya ninke ta ƙanƙanuwa, jan biro ya kewaye sifilin har ya huda takardar. Da na kira malamin lesin ya daina ɗaukar wayata. Shekara biyu ke nan, in aka ce ya rubuta labari sai ya ce kansa na ciwo. Abin da na biya mutumin kuwa ya kai kuɗin makarantar yaron na zango guda.

Baban Khalifa: Kuɗin zango guda? Hajiya an cuce ki. Namu ko rubu'in haka ba ya karɓa, kuma sau uku a sati.

Anti Bilki: Rubu'i? Wannan sai dai mai tara yara talatin a ɗaki ɗaya. Mai zuwa gida ya fi abin da Hajiya ta biya, ni na sani.

Hajiya Uwani: Ni ba kuɗin ne ke ci mini rai ba. Yaron da ke cika mu da surutu ne ya koma shiru.

Malam Tanimu: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci kafin na yi ritaya. Maman Zahra, 'yarki ta riga ta mallaki abin da ya fi wuyar samu, wato labari mai kai da gindi. Na Gizon nan ya cika sharuɗɗa: an gabatar da shi da bashinsa, masu bashi sun taso, ya fita da dabarar igiya. Sakin layi huɗu ko biyar sun ɗauke shi. Yawan "then" kuwa "sai" ɗinmu ne take fassarawa. A Hausa "sai ya tafi, sai ya tarar" ado ne, a Turanci aya ake sawa a fara sabuwar jimla. Ki sa ta soke su duka ta karanta da ƙarfi, za ta ji labarin bai rasa komai ba. Sannan ta ware aikatau goma da labarin ke buƙata ta kama yadda suke a shuɗaɗɗen lokaci, musamman masu sauya kama, irin "tell" da ke zama "told" da "think" da ke zama "thought". Inda Gizo ke magana da bakinsa ne kawai za ta dawo yanzu, cikin alamar buɗe magana da rufe ta. Kullum ta ba ki labarin da baki da Turanci, sannan ta rubuta sabo ba tare da duba na jiya ba. Kar ta rubuta da Hausa ta fassara.

Malama Sadiya: Baba Malam da girmanka, a nan na saɓa maka. Ni yanzu nake aji. Yaron da ka hana shi tsara tunaninsa da harshensa zai zauna ya zuba wa takarda ido har a buga ƙararrawa. Ta rubuta ƙashin labarin da Hausa, layi biyar, sannan ta gina da Turanci. Yaran yanzu ba irin na lokacinku ba ne.

Malam Tanimu: Ƙashin labari daban, fassara jimla bayan jimla daban, 'yata. Yaran da na koyar wasunsu yau su ke koyarwa.

Hajiya Uwani: Ku malamai kowa da tasa. Wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Malami ne ya sayar mini da takardar, malama ce ta tozarta yaron.

Ɗan Ƙoƙi: Da Gizo ne a ajin nan, da ya ari sakin layi ɗaya wurin na damansa, ɗaya wurin na hagunsa, ya bar su suna jan igiya gaban malama, shi ya tafi da makin. Tambayata ɗaya: tsamin bakinsa fa, da wane harafi za a rubuta shi da Turanci?

Abu Ammar: Ni abin da ban gane ba, me ya sa za a koya wa yara labarin maƙaryaci mai cin bashi ya hana? Gara Birbal. Sarki ya ja layi ya ce a gajarta shi ba tare da an taɓa shi ba, shi kuma ya ja wanda ya fi shi tsawo a gefensa. Wannan hikima ce, babu wanda aka cuta.

Malama Sadiya: Abu Ammar, ba iri ɗaya ba ne dama. Birbal mutum ne da ya rayu, bafaden Sarki Akbar ne da ya mulki Indiya daga 1556 zuwa 1605, daga baya aka yi ta jingina masa labarai. Haka aka yi wa Abu Nuwas, mawaƙin Bagadaza na zamanin Haruna Rashid, har ya zama gwanin dabara a bakin mutane. Su wayonsu a fada yake, gaban mai mulki. Gizo kuwa ɗan'uwan Anansi ne, gizo-gizon tatsuniyoyin ƙabilar Akan a Ghana, wanda bayi suka tafi da labarinsa har Jamaika: ƙaramin halitta marar ƙarfi tsakanin manyan dawa. Kuma sau nawa kwaɗayinsa ke kai shi ya baro? Yara sun san wannan sarai. A 2022 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar ba da labaran Nasiruddin cikin gadon al'adun duniya, shi ma kuma ba kullum yake da gaskiya a labaransa ba, ga tukunyar Hajiya nan.

Abu Ammar: To a na giwa da dorina wa ya biya bashin?

Ɗan Ƙoƙi: Ƙoƙi za ta biya in kaka ta yi.

Baban Khalifa: Duk wannan magana, wa ke duba abin da yaran suka rubuta ma? Na buɗe littafin Khalifa jiya, labari huɗu ya rubuta a zangon nan, ba a gyara ko harafi ba. "Seen" kawai da sa hannu. Ta ina zai san ya yi kuskure?

Malama Sadiya: Aji uku nake ɗauka, kowanne ya haura yara sittin. In na ba kowane labari minti biyar, awa 15 ke nan a kan aiki guda, ban da shirin darasi, ban da gidana. Ku zo ku gwada sati ɗaya.

Hajiya Uwani: Amma an samu lokacin tsayar da yara shida gaban allo.

Anti Bilki: Mu tamu matsalar ta fi wannan. Tara ake cin 'yata in ta yi Hausa a makaranta, sannan a ce ta kawo tatsuniya. Daga ina za ta kawo ta?

Maman Zahra: Saura kwana takwas. Jiya na gwada abin da Baba Malam ya ce, "then" sun koma biyar, amma sunan dorina da Turanci ya gagare ta rubutawa, sau uku tana sauya haruffan. Babanta har yanzu yana kan a kai ta lesin, na karanta masa labarin Hajiya ya ce ai ba duka malamai ne haka ba. Malama Sadiya, in kalmar ta ƙi zama, laifi ne ta mayar da dorinar kada?

Baban Khalifa: Malama Sadiya, awa 15 ɗin na ji. To ko layi ɗaya a ƙasa, a ce masa ga inda ka ɓata, shi ma ya gagara?