Sabon faifan fim: mai shago ne ke kwashe ribar ko kamfani?

Malam Habu: Ni dai ina nan a kan bakana, masu shaguna ne ke tatsar mai saye. Buga DVD ɗaya da kwalinsa bai wuce dala ɗaya ko biyu ba, amma a Amurka sai a sayar da shi kusan dala 20. Ina sauran kuɗin ya tafi?

Hajiya Binta: Malam, kuɗin bugawa daban, kuɗin sari daban. Lokacin da kasuwar DVD ke ganiyarta, wajen 2004 zuwa 2006, kamfanonin fim kan ba manyan shaguna sabon fim a kan dala 17 zuwa 18. Farashin da kamfani ya ba da shawara yakan kusa dala 30, amma manyan shaguna irin su Walmart da Target da Best Buy kan sayar a makon farko tsakanin dala 15 da 20. Wanda ya saro a 17 ya sayar a 15, uwar kuɗi ya ci. Da gangan suke yi. Sabon fim na fitowa ranar Talata, ranar da ciniki ba ya da ƙarfi, wanda ya shigo neman faifai kuma da wuya ya fita bai ɗauki sabulu ko abinci ba. A Nuwamba 2009 Walmart da Amazon da Target sun yi ta karya wa juna farashi har sababbin finafinai suka sauko wajen dala 10.

Malam Habu: To sadaka suke yi ke nan, Hajiya?

Aminu: Ko kusa, Malam. Hajiya ta faɗi gaskiya a kan makon farko, amma lissafin bai ƙare a nan ba. Babban shago yana mayar wa kamfani faifan da ya yi kwantai, yana kuma karɓar tallafin kuɗin talla. Da mako ya wuce sai farashi ya hau. Sannan ga tsofaffin finafinai da ake jibgewa a kwandon dala 5: sarinsu da araha, ribarsu kuma ta tabbata. Wanda abin ya fi cuta shi ne ƙaramin shago. Ta hannun dillali yake saro kaya, kuɗi ya ƙaru, ba shi kuma da wasu kayan da za su rufe masa asara. Yakan tarar farashin Walmart ya fi sarinsa sauƙi.

Hajiya Binta: Shi ya sa kamfanin Redbox, mai ba da hayar faifai a dala ɗaya dare guda a wancan lokacin, ya koma sayen faifai a shaguna lokacin da wasu kamfanonin fim suka hana shi kaya. Dokar Amurka ta ba wanda ya sayi faifai na halal damar ya ba da shi haya ko ya sayar. Sai a 2010 Redbox ya sasanta da kamfanonin fim na Warner da Universal da Fox a kan zai jira kwana 28 bayan fitowar faifai kafin ya fara ba da hayarsa.

Malam Habu: Tsarin kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano na zamanin kaset nake aunawa da shi, inda furodusa ke sayar da kwali, ɗan kasuwa ya yi kwafi da kansa. Can ɗan kasuwa ne ke riƙe da wuƙa da nama.

Aminu: A Amurka kuwa kamfani ne ke buga faifan, shi ke yanke kuɗin sari, kuma babu wani wurin da mai shago zai samo fim ɗin. Dala 15 zuwa 17 ɗin nan da ke tsakanin bugawa da sari hannun kamfani take shiga, daga ciki yake biyan talla, jigila da kason masu fim.