Neman shawara: ina so bakina ya saba da miyar kuɓewa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Tun ina ƙarama ba na cin miyar kuɓewa, da na ga yauƙin nan yana bin loma sai zuciyata ta tashi. To ga shi Allah ya haɗa ni da maigidan da ba shi da miyar da ta wuce ta, gidan surukaina ma ita ce miyar dare. Na gaji da ɗora tukunya biyu, kuma ina jin nauyin a kawo tuwo in ce na ƙoshi. Akwai dabarar da zan bi in saba, ko haƙura kawai zan yi?

Malamar girki:

Wa alaikumus salam amarya. Kafin a ba ki dabara, sai kin gane abin da kika tsana a jikinta, domin masu ƙin kuɓewa ba hanya ɗaya suka biyo ba. Wata yauƙin ne, wata warin ɗanye da miyar ke yi in ba ta nuna ba, wata kuma 'ya'yan ne da ke fashewa a baki. Akwai ma wadda ba kuɓewar ta tsana ba sam, kanwar da aka cika mata ce tun tana yarinya ta bar mata bauri a harshe. Tunda ke kin ce yauƙi, kin yi sa'a, shi ne wanda ya fi jin magana a hannun mai girki.

Yauƙin nan a cikin kuɓewar yake, kusa da 'ya'yanta. Ba ya fitowa sai an fasa ta, kuma ba ya yaɗuwa sai ya samu ruwa. Iyakar yadda kika niƙe ta, iyakar yauƙin da za ki samu: wadda aka goga ko aka daka a turmi ta fi kowacce, wadda aka yanka manya-manya ta bi baya, wadda aka bari sukutum kusan babu komai. Tsami yana karya shi, wuta mai ƙarfi ba ruwa ma tana karya shi.

Saboda haka kada ki fara da miya. Ki fara da soyayya. Ki samu ƙanana guda 15, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Ki wanke su tun ba ki sa musu wuƙa ba, ki baza a faranti su bushe sarai, ko ki goge da tsumma mai tsabta. Wuƙar da katakon yankan ma su zama busassu. Ki tsaga kowacce gida biyu a tsaye. Ki ɗora kasko mai faɗi da man gyaɗa cokali 3, in ya yi zafi sosai ki jera su ɓangaren da aka yanka yana ƙasa, kada wata ta hau kan wata. Ki ƙyale su minti 3 ba juyawa, sai gefen ya yi ja, sannan ki juya. Duka-duka minti 8 zuwa 10. Gishiri da yaji sai kin kusa saukewa, don gishiri yana janyo ruwan jikinta, ruwan kuma shi ke tada yauƙi. Ki ci da shinkafa da wake ko dafa-duka. A nan ne za ki san ainihin ɗanɗanon kuɓewa, wanda da alama ba ki taɓa tsayawa kin ji ba.

Abin da ke ɓata wannan suyar biyu ne: cika kasko da rufe shi. Duk wanda kika yi a ciki, tururi zai taru, ta koma dahuwa, yauƙin ya dawo.

Uwargida daga Zariya:

Malama ta yi bayani, amma ina da ja a wuri ɗaya. Yarinyar nan ba soyayyar kuɓewa za a ajiye mata a gidan surukai ba, tuwo ne da miya mai ja. In ta tsaya a suya, ta koyi cin wani abinci ne daban. Shawarata ki bi ta busasshiya, ƙanwata. Yauƙinta gajere ne, kauri ne ya fi yawa, ba ta yin zaren nan da ke bin hannu har baki, kuma babu warin ɗanye. In kina shan miyar kuka, tsakaninki da busasshiyar kuɓewa taku ɗaya ne.

Ki yi sanwa yadda kika saba: nama ko busasshen kifi, daddawa ƙwaya 2 a daka da citta da masoro, attaruhu 2, manja rabin ludayi, dunƙule da gishiri. Ki bar daddawar ta nuna, aƙalla minti 20, in ba haka ba warinta zai tsaya a miyar ki ɗora wa kuɓewa laifi. Idan ruwan ya kai kamar lita ɗaya, garin kuɓewa cokali 3 manya ya isa, 4 in ana son ta da kauri. Ki rage wuta, hannu ɗaya yana barbaɗawa, ɗaya yana kaɗawa da maburgi. In kika zuba a dunƙule sai gudaji, kuma gudajin kuɓewa ba ya narkewa daga baya. Minti 5 ki sauke.

Da farko ma ki raba: cokali 2 na kuka, 1 na kuɓewa. Bayan kwana biyu ki juya lissafin. Kuma ki sayi busasshiyar a yanke ki daka da kanki ki tankaɗe, kin ga abin da kika saya ke nan. Ki zaɓi mai sauran kore a jikinta. Wadda ta yi baƙi ƙirin ko take warin rima, damina ta taɓa ta wurin shanya, kuma daka ba ya gyara ta.

Malamar girki:

Gaskiyarki Hajiya, ban ce ta zauna a suya ba, tsani ne. Suya, busasshiya, sannan ɗanya a yanke, ta goge a ƙarshe. In ta fi son farawa daga matakinki babu laifi.

Mai sayar da kayan miya:

Ni ta wajen saye zan taimaka, don rabin masu cewa kuɓewa ba daɗi ƙosasshiya aka dafa musu. Ki kama tsinin wutsiyarta ki lanƙwasa. In ya karye ƙaras, ɗanya ce shar. In ya lanƙwashe bai karye ba, ta ƙosa, cikinta zare ne da manyan 'ya'ya masu tauri, ko awa nawa ta yi a wuta ba ta laushi. Kada girma ya ruɗe ki, manyan su suka fi cika kwano amma ƙananan su ne miya. In kin kai gida kada ki wanke sai za ki yi amfani da ita, jiƙaƙƙiya baƙi take yi ta yi santsi. A nannaɗe a takarda a can ƙasa cikin firji tana kwana 2 zuwa 3.

'Yar uwa mazauniya Madina:

Akwai hanyar da Larabawa ke bi, bamiya suke kiran girkin, daga Masar har Sham da nan Saudiyya. Kuɓewar ba a fasa ta ko kaɗan. Ana fere hular kanta ne a zagaye, kamar firar fensir, ba tare da an buɗe ramukan ciki ba. Sai a zuba mata ruwan lemun tsami 2 ko khal, wato vinegar, cokali 3, a juya, a bar ta rabin awa, a ɗauraye a tsane. A ɗan soya ta sama-sama, sannan a jera ta cikin miyar tumatir da naman rago wanda ya riga ya yi laushi, da tafarnuwa mai yawa. Minti 20 a ƙaramar wuta. Ba a sa ludayi a juya, tukunyar ake girgizawa, don kada ta farfashe. Tsamin tumatir da na lemun sun gama da yauƙin, abin da ya rage ɗan kauri ne a romon. Da farar shinkafa ake ci.

Mutanen Sudan kuwa irin tamu suke yi, garin busasshiya suke kaɗawa a miya, weka suke ce masa, su ci da asida, wato tuwonsu, ko kisra, wata siririyar gurasar dawa.

Ma'aikaciyar jinya:

Tambaya ɗaya kafin ki ci gaba. Tashin zuciya ne kawai daga gani da taɓawa, ko kin taɓa ci bakinki ya yi ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, jiki ya yi borin jini, ko numfashi ya yi nauyi? In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, maganar sabo ba ta taso ba, ki bar ta har sai kin ga likita. Ƙaiƙayin hannu wurin yanka daban ne, 'yan gashin jikinta ne ke kawo shi, wanke ta da goge ta da tsumma yana rage shi.

In ƙyama ce kawai, sabo yana yi, amma da sharaɗi. Binciken da aka yi kan cin abincin yara ya nuna sau da yawa sai an ɗanɗana abu sau 8 zuwa 15 kafin a karɓe shi, kuma tilastawa ƙara ƙiyayya take yi. Babba ma ba a ƙwace masa ƙyama da ƙarfi. Loma 2 ko 3 ta isa a zama ɗaya, lokacin da kike jin yunwa, da zafinta, don in ta huce yauƙin ƙaruwa yake. Da zuciya ta fara motsi ki tsaya. In kika matsa har kika yi amai, kin mayar da kanki baya sosai, don jiki yana riƙe abincin da ya yi amai a kansa ya daɗe yana gudunsa. Saboda wannan dalilin, in kina da ƙaramin ciki ki ɗage gwajin zuwa bayan laulayi.

Ga masu karantawa kuma: mai fama da tsakuwar ƙoda da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin su tambayi likitansu kafin su mayar da kuɓewa abincin kullum.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu ƙaiƙayi ko kumburi, ƙyama ce kawai. Soyayyar ta shiga lafiya lau, busasshiyar da aka haɗa da kuka ma na ci. Amma da na gwada ɗanya, miyar ta yi duhu, ta tsinke kamar ruwa, ga ɗaci-ɗaci. Maigida bai ce komai ba, sai dai bai ƙara ba. Ina matsalar take?

Uwargida daga Zariya:

Kanwa ta yi yawa, kuma kin bar ta ta daɗe a wuta, ina kyautata zaton a rufe. Ba a jefa kanwa gaya a miyar kuɓewa. Ki jiƙa gutsure kamar ƙwayar gyaɗa a rubu'in kofin ruwa, ki bari ta kwanta, ki tsiyayi cokali 1 na ruwan saman. Aikinta ta riƙe koren ta kuma taimaki yauƙi. Da ta wuce haka sai bauri da ɗanɗanon sabulu. In kuɓewar ƙanana ce sababbi, ko babu kanwa za ta yi.

Ga awon mutum 4: kuɓewa 25, ruwan nama kofi 3. Sanwa ta nuna tukuna, komai ya ji, gishiri ya daidaita, kuɓewa ce ƙarshen shiga tukunya. Minti 5 zuwa 7, tukunya a buɗe, kina bugawa da ludayi jefi-jefi. Tana komawa kore shar ki sauke, zafin tukunyar zai ƙarasa ta. Kada ki ƙara ruwan sanyi bayan ta shiga, nan take take tsinkewa, in ƙarin ya zama dole to tafasasshe. Tukunyar baƙin ƙarfe da wuƙa mai tsatsa su ma suna sa ta duhu.

Mai abincin sayarwa:

Ku ƙara mata da maganar tumatir da albasa. Mai son miya ta ja ba ya sa tumatir, tsaminsa ne ke tsinka ta. Albasa kuma a dafa ta cikin nama tun farko ta narke, kada a yanka ɗanya a kan kuɓewa.

Malamar girki:

Na tumatir tabbas ne. Na albasa ana faɗa sosai, amma 'yar kaɗan da ta dahu a sanwa ba ta hana miya ja.

Amarya, ga yadda za ki huta da tukunya biyu tun yanzu. Sanwa ɗaya za ki yi. Cikin kuɓewa 25 ɗin, ki goga 18, ki yanka 7 ƙwaya-ƙwaya masu kaurin rabin yatsa. Ki ɗebi ludayi 2 na sanwar a ƙaramar tukunya, ki zuba yankakkiyar, ki matsa rabin lemun tsami, minti 5, wannan taki ce. Gogaggiyar ta shiga babbar tukunya, ta maigida ke nan, ta ja yadda yake so. Duk ranar da kika yi, ki ɗebo cokali ɗaya daga ta maigida ki gauraya a taki, wani makon cokali 2, kina rage lemun. Ki yanko lomar ƙarama, ki dangwala a gefen kwano maimakon tsakiya, ki murɗa hannu zaren ya yanke kafin ki ɗaga. Tuwon ya zama mai ɗan tauri, na masara ko na dawa, don tuwon shinkafa mai laushi santsi yake ƙara wa santsi. Yajin daddawa ko na tafarnuwa a gefe yana taimakawa sosai.

Uwargida daga Zariya:

In za ki gidan surukai kafin bakin ya gama sabawa, ki roƙi wadda ke rabon miya ta zuba miki a kwano daban maimakon a kan tuwo, kuma ta ɗebo daga ƙasan tukunya inda nama da romo suka fi yawa. Ba wanda zai ga baikenki a kan wannan, da yawa haka suke ci.