Wai Tundra rijiya ce, in sayar in huta

Mai Tundra: Salam jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake shi yasa na kawo maganar nan. Da safe na tsaya gidan mai, sai wani abokin aikina ya faka a bayana da Tacoma ɗinsa, a gaban yaran gidan man yake ce min wai Alhaji wannan ai rijiya ka saya ba mota ba, ka sayar ka huta. Kuma ba yau ya fara ba, tun da aka cire tallafi a 2023 mai ya tashi daga ƙasa da 200 ya wuce 500 daga baya ya haura dubu, duk wanda ya ganni sai ya min jaje kamar an min rasuwa. Ni abin da nake faɗa kullum shi ne bambancin shan mai tsakanin babbar mota irin Tundra da matsakaiciya irin Tacoma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tawa Toyota Tundra ce ta 2014, inji mai lita 5.7 silinda takwas, a takardar Amurkawa mil 13 a gari 17 a babbar hanya duk galan ɗaya. Tacoma V6, wato mai silinda shida, ta wannan shekarar 16 da 21. Don Allah a kan mil uku huɗu za a dinga min gori a bainar jama'a? Ga faɗi, yarana uku a baya kowa ya miƙe ƙafarsa, ga ƙarfin ja. Ni dai ba zan bar wannan in koma a-kori-kura ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Amma mil huɗun nan ba ƙarami ba ne in ka mayar da shi lita. 17 a galan kamar kilomita 7.2 ne a lita, 21 kuma kusan 8.9. Kano zuwa Abuja ka ɗauka kilomita 430, kai za ka sha wajen lita 60 shi kuma 48. Zuwa da dawowa lita 24 kenan, jarka guda saura kaɗan, kuma wannan a hanya mai kyau ba esi ba kaya ba gosulo

Mai Hilux: Tsaya tukuna Injiniya a bar lissafi. Alhaji wace ce a-kori-kurar? Tacoma da Hilux kake kira a-kori-kura??

Mai Tundra: To me ce ce in ba ita ba

Mai Hilux: Kai ka zo kana kukan an raina maka mota sai ga shi ka raina ta dubban mutane a layi ɗaya. Motar da sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya suke shiga daji da ita, motar da ke kai allurar rigakafi ƙauyen da ko babur sai an tura, ita ce ka mayar a-kori-kura. Ka janye kalmar nan kawai.

Baban Yara: Yara ku yi a hankali. Tun yaushe a-kori-kura ta zama zagi? Ni na tuƙa Fijo 404 da hannuna shekara da shekaru, daga baya 504 wadda ake haɗawa a Kaduna, da ita na aurar da 'ya'ya na yi gida. Ranar kasuwa haka za mu loda ta buhu a ƙasa mutane a sama akuya a gefe kuma ta kai mu lafiya. Wanda ya ji haushin an kira motarsa da sunan nan shi ne ya raina ta, ba wanda ya kira ba.

Mai Hilux: Allah ya ƙara girma Baba, ni ban raina Fijo ba, amma kai ma ka san da nufin da ya faɗe ta

Ɗan Kwatano: A gaskiya ma in za a bi ƙa'ida duk mota mai buɗaɗɗen baya a-kori-kura ce, har da Tundrar taka Alhaji. Mu a wajen fito ma aji ɗaya muke kiransu

Mai Tundra: Haba malam. Tundra?? Ka taɓa shiga cikinta kuwa

Ɗan Kwatano: Na shigo da su sun fi a ƙirga

Direban Gona: A'a ba haka ba ne, a-kori-kura sai mai kai ɗaya, ƙofa biyu kujera ɗaya baya dogo. In ta zama ƙofa huɗu ta fita daga sunan. Haka muka taso muka ji.

Malamin Hausa: Ku gafarce ni in sa baki. Ni a fahimtata kurar da ake nufi ita ce kurar da ake turawa, ta 'yan dako a kasuwa, wato motar ta zo ta kore su daga ɗaukar kaya. In haka ne sunan na aiki ne ba na ƙofa ba, duk wadda ke ɗaukar kayan kasuwa ta shiga.

Direban Gona: Malam ƙura ce ba kura ba, ƙurar da take tayarwa a hanyar burji. Matsalar waya ce ba a sa ƙugiya

Malamin Hausa: Ka saurari yadda mutane ke furtawa ɗan'uwa, ba wanda ke cewa ƙura. Baba kai ka yi zamanin, ya kuke faɗa?

Baban Yara: Kura muke cewa, kuma mu ta daji muka ɗauka, saboda in ta taso da asuba da ƙarar nan tata ba dabbar da ke tsayawa a hanya

Direban Gona: Ni dai kakana ƙura yake cewa

Injiniya: Jama'a maganar mai fa ake yi. Ba wanda ya duba lissafin da na kawo

Na Houston: Ni ina nan Amurka inda ake ƙera Tundrar, San Antonio awa uku ne daga gidana, bari in faɗa muku wani abu. Alhaji yana da gaskiya rabi. Maganar cewa babba ba ta fi matsakaiciya shan mai sosai ba, a nan ma ana yin ta, amma ba da irin motarsa ake kafa hujja ba. Da F-150, babbar motar Ford, ake yi, tun 2015 da Ford suka mayar da bodinta alminiyam suka rage mata nauyi wajen kilo 300 suka sa ƙaramin inji 2.7 mai tabo biyu, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, sai ta zo kunnen doki da Tacoma V6 a takarda. Ita kuwa 5.7 kowa a nan ya san ta da ƙarko kuma kowa ya san ta da sha, shi ya sa a 2022 Toyota da kansu suka ajiye silinda takwas suka koma shida mai tabo. Kuma ku sani Hilux ba a ma sayar da ita a nan, Tacoma ce ta gaje ta tun 1995, akwai harajin kashi 25 da suke ɗora wa irin motocin nan in daga waje aka kawo tun 1964

Mai Hilux: To ka ji, Amurkawa ba su ma san Hilux ba amma da takardarsu ake mana hukunci

Bakaniken Panteka: Ford ɗin nan da kake yabo oga, ka kawo ta nan ta sha man bakin titi wata shida ka gani. Tabo biyu, sansa ko'ina, in ta kunna wuta a dashbod sai ka zagaye kasuwannin kayan gyara na Panteka da Ƙofar Ruwa kana neman abu ɗaya ƙarshe a ce sai an yi oda. Wanda ya rage lita biyar ya ajiye mota wata biyu a gareji me ya rage

Na Houston: Wannan laifin man ku ne da gyaran ku ba na motar ba

Bakaniken Panteka: Man KU? Yau kuma mun zama ku? Shekara nawa ka yi a can da har ka fita daga cikinmu

Na Houston: Ba haka nake nufi ba wallahi, kuskuren rubutu ne

Bakaniken Panteka: Gyaran namu da ka raina shi ke riƙe da motocin da kuka yar a can kuka turo mana, wasu ruwa ya ci wasu an daki gaba, mu muke tada su

Ɗan Kwatano: Malam kar ka shafa mana kashin kaji, ba kowa ke kawo mai haɗari ba. Ni nawa duk da hotonsu tun daga can. Akwai Tacoma biyu a ƙasa yanzu haka mai so ya min magana ta gefe

Admin: Ba a talla a nan, an sha faɗa.

Hajiya Mai Kaji: Assalamu alaikum, ni tambaya gare ni ga Alhaji mai Tundra tsakani da Allah. Buhu nawa take ɗauka? Don ni abin da ya dame ni kenan, duk sati ina ɗauko masara daga Dawanau, kuma an taɓa ba ni shawarar in sayi babbar wai sawu ɗaya zai ishe ni maimakon biyu

Injiniya: Hajiya wannan ita ce tambayar da ta kamata tun farko. Girman ido daban abin da aka yarda ta ɗauka daban. Tundra irin ta Alhaji mai ƙofa huɗu abin da aka rubuta mata wajen kilo 700 ne har da mutanen ciki, su kansu Amurkawa 'yar rabin tan suke kiran ajinta. Hilux kuwa tana kai wa kusan tan guda. Wato a buhu mai kilo ɗari, waccan bakwai ba ta cika ba in kin cire direba da yaron mota, wannan wajen takwas. Inda Tundra ta yi fintinkau shi ne ja, tana jan tirela ta wajen tan huɗu da rabi, Tacoma wajen uku. Su can suna jan jirgin ruwa da ɗakin kwana mai taya, mu nan a baya muke lodawa

Mai Tundra: Ni na sha ɗora mata buhu goma sha biyar ba ta ko nuna ba

Bakaniken Panteka: Ba ta nuna maka ba, mu take nuna wa in an zo canza sifirin da shokozoba. Kuma tunda ana lissafi a sa da baƙin mai, taka kusan lita takwas take sha duk juye, Tacoma biyar da ɗoriya, fulogi takwas da shida, taya ma ba kuɗinsu ɗaya ba

Hajiya Mai Kaji: To na gode, ga kuma lungunmu a cikin gari ko Hilux sai an naɗe madubi

Mai Tundra: Hajiya bambancin faɗin bai fi taƙi ɗaya ba fa

Direban Gona: Taƙi ɗayan ne ke hana ka wucewa in an kafa rumfar biki

Na Maraɗi: Mu nan wajenmu duk wannan gardama ba ta taso ba, kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, in ba ta gazuwal (dizal) ba ce ba a ma kallon ta in za a shiga Agadas. Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, shi kenan. Mai shan esansi, wato fetur, silinda takwas cikin rairayi ai sai ka ɗauki duro biyu don ita kaɗai

Mai Hilux: Allah ya biya ka. Su faɗa mana Tundra nawa suka taɓa gani a hanyar Agadas

Mai Tundra: Ni Agadas na ce muku zan je? Daga gida zuwa ofis zuwa gona sai Abuja wata-wata

Na Maraɗi: Kuma galan ɗin da kuke ta faɗa wane galan ne, na bakin hanya?

Injiniya: Na Amurka, lita 3.8 ne saura kaɗan

Direban Gona: Galan lita huɗu ne kowa ya sani

Injiniya: Wannan na 'yan bumburutu ne, na Ingila ma huɗu da rabi ne

Direban Gona: To ashe lissafin naka ma bai tsaya ba tunda galan uku ne

Injiniya: Ya tsaya mana, da na Amurka na yi tunda takardar tasu ce. Haba jama'a

Mai Hilux: Ni har yanzu ina jira a janye kalmar nan

Baban Yara: Ni kuma in ya janye da ni zai yi, don janyewar na nufin sunan abin kunya ne

Admin: To jama'a dare ya yi bari in taƙaita a rufe. Abin da aka tattauna ya nuna ƙarara cewa manyan motocin Amurka ba don ƙasarmu aka yi su ba, Injiniya ya tabbatar da lissafi cewa Tundra na shan mai fiye da kima kuma ba ta kai Hilux ɗaukar kaya ba, bakanike ya tabbatar kayan gyaran su wahala ne, ɗan'uwanmu na Maraɗi ya tabbatar ba sa shiga daji. Ni kaina shekara tara ina kan Hilux ta dizal ban taɓa buɗe inji ba. Kusan kowa ya yarda Hilux ce mafita, ita ma Tacoma ba laifi ga wanda bai samu Hilux ba. Maganar a-kori-kura kuma an fahimci Alhaji ya yi kuskuren lafazi. Allah ya ba mu alheri.

Bakaniken Panteka: Admin ni Ford na ce kayanta na wahala, ban ce Tundra ba. Injin 5.7 in dai ana masa juye a kan lokaci sai ka gaji da shi

Na Houston: Kuma an tsallake maganar F-150 gaba ɗaya kamar ban yi ta ba

Malamin Hausa: Ba a cimma matsaya kan kura ba Admin, kar a rubuta an fahimta

Mai Tundra: Wane kowa ne ya yarda? Da Tacoma na zo da magana, Hilux ɗinka ta dizal wa ya sa ta a ciki, nawa ake sayar da litar dizal ɗin ma? Ranar Asabar zan je Kaduna in sha Allah, duk mai Tacoma V6 da ya isa ya zo mu cika tanki a famfo ɗaya a Na'ibawa, mu sake cikawa a Kawo, a ɗauki hoton mita a turo nan kowa ya gani.

Injiniya: Na yarda amma da sharaɗi, gudu ɗaya kar a wuce ɗari, esi a kunne duka biyun, mutum bibbiyu a ciki ba kaya a baya, kuma a duba iskar taya kafin a tashi

Mai Hilux: In zo da tawa 2.7 ta fetur? Injin ɗaya ne da na ƙaramar Tacoma

Mai Tundra: V6 na ce.

Mai Hilux: To ka janye kalmar tukuna sai in nemo maka mai V6 ɗin, ƙanin matata na da ita